Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Maginin da ya ci kuɗin wasa

Makon jiya na tsaya a kan zuwan su Hajiya Kanada. Ku yi haƙuri, yau ba can zan ɗora ba. Tun daren Talata maganar Baffa take yi mini yawo a ka: "Wasa ba sana'a ba ce, ɗauki cebur."

Ina ɗan shekara 16 ya faɗa mini ita, ranar da ya bi ni har filin ƙwallo a Fagge ya fisge ni daga tsaron baya a gaban jama'a, ya miƙa ni wajen gini. Allah ya jiƙansa, amma abin bai bar ni ba har yau da furfurata.

Autana ne ya tono ta. Shi ma baya yake tsarewa, sai dai a hokin ƙanƙara, wasan da ake bugawa da sanduna a kan ƙanƙara, nan Ottawa. Na raka shi wajen da ake wasa ƙarafan ƙasan takalman hoki, tsohon da ke wasa musu ƙarafan ya kalli hannuna ya ce, magini ne kai? Na ce tun ina yaro. Ya ce to a garin nan aka haifi wani magini a 1879, Hod Stuart, kuma a zamaninsa da wuya a sami mai tsaron baya kamarsa.

Na koma gida na bi labarin har tsakar dare. A lokacin, karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne a Kanada, kamar dai a gidanmu. Shi kuwa ya tsallaka Amurka, ya buga a Pittsburgh da Calumet, ya karɓi albashinsa ido na ganin ido, har yana faɗa a ƙara wa 'yan wasa. Mai jera bulo fa! Da Baffa na raye da na karanta masa wannan wurin sau biyu.

Wasan nasu kuwa rabinsa dambe ne da sanduna. Ya dawo Kanada ya shiga ƙungiyar Montreal Wanderers, a Janairun 1907 wani ɗan Ottawa ya sheme shi da sanda a ka har ya suma. Ya tashi ya ci gaba da kakar, a watan Maris suka ƙwace Kofin Stanley, babban kofin hoki, daga hannun ƙungiyar Kenora Thistles. Shi ya sa in autana ya faɗi nake kawar da kai. Uwarsa ma ta daina zuwa kallo.

Daga nan ya ce ya gaji da duka, ya ajiye sanda ya koma aikin gini wajen mahaifinsa. Wato ya bi shawarar Baffa ke nan. Wata uku kacal. Ranar 23 ga Yuni, a Belleville inda yake kula da wani gini, ya je iyo, ya yi tsalle cikin ruwa marar zurfi, kansa ya daki dutse, wuya ya karye. Shekararsa 28.

Ba na ce gini ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ranar 2 ga Janairun 1908, wasa aka shirya a Montreal aka tara wa matarsa da 'ya'yansa fiye da dala 2,000. Ni da na faɗo daga kan bene a Sabon Gari na yi wata huɗu a kwance, mai ginin ko lemo bai aiko ba. Inna ce ta sayar da tunkiyarta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan Hajiya da rigimar akwatin kilishi a filin jirgi.