Ketamin a Maganin Ciwon Damuwa: Abin da Aikin Ya Koyar

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin tiyata a asibitocinmu ya san ketamin. Tun 1970 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin allurar barci, kuma saboda ba ya danne numfashi kamar takwarorinsa, shi ake dogara da shi inda kayan aiki suka yi ƙaranci. A shekarar 2000 ne masu bincike a Jami'ar Yale suka wallafa cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, idan aka ɗura shi ta jijiya cikin minti 40, yana sassauta ciwon damuwa cikin sa'o'i. Magungunan da aka saba bayarwa kuwa sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga tasirinsu. Ga wanda ya sha magani iri biyu ko uku ba sauƙi, ko wanda tunanin kashe kansa ya addabe shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sauƙin ba ya daɗewa. Bayan ɗuri ɗaya, yawanci mako guda ne ciwon ya fara dawowa. Maganin yana toshe wata kafar karɓar saƙo a ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, sinadarin gulutamet mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa ya ƙaru, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su shiga ƙulla sabbin mahaɗai. Na 'yan kwanaki tunanin mutum yakan yi laushi, abin da ya kafe a kai ya soma motsi. Dalilin da ake haɗa shi da zaman tattaunawa tsakanin majinyaci da ma'aikacin lafiya ke nan: a ci moriyar waɗannan kwanaki kafin su wuce. A wani gwaji da Jami'ar Exeter ta Ingila ta wallafa a 2022 kan masu fama da shan giya, waɗanda aka haɗa wa ketamin da tattaunawa su ne suka fi yawan kwanakin da ba su sha ba cikin wata shida.

Akwai kuma binciken Jami'ar Stanford na 2023, wanda ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe. An ba masu ciwon damuwa ketamin ko ruwan gishiri marar magani suna cikin barcin tiyata, ba wanda ya san abin da ya samu. Ɓangarorin biyu suka sami sauƙi kusan daidai, kuma waɗanda suka fi warwarewa su ne suka fi zaton ketamin aka ba su. Abin da majinyaci yake sa rai da shi, da yadda aka tarbe shi, yana cikin maganin.

Mafi yawan ɓarna daga tantance wanda za a ba maganin take farawa. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba ba a ba shi, domin ketamin yana ɗaga jini, ya kai ƙololuwa wajen minti 40. Haka wanda jini ya taɓa zuba masa a ƙwaƙwalwa, ko mai kumburin jijiyar jini, ko mai juna biyu. Wanda yake jin muryoyi ko ganin abin da babu, maganin zai iya tayar masa da ciwon. Sai a bi jerin magungunan da yake sha ɗaya bayan ɗaya: magungunan kwantar da hankali irin su diyazefam suna rage tasirin ketamin kan damuwa, kuma mutane da dama ba sa ambatarsu sai an tambaye su da suna. Tambayar shaye-shaye ma a yi ta a keɓe, ba a gaban uba ko miji ba, in dai gaskiya ake nema.

Kafin ranar magani a yi zama ɗaya ko biyu na shiri. A faɗa wa majinyaci dalla-dalla abin da zai ji: jikinsa zai yi kamar ba nasa ba, lokaci zai miƙe, sauti zai yi nisa, harshe ya yi nauyi. Wanda ba a gaya wa ba yakan ɗauka mutuwa ce ta zo, ko kuma iskoki ne suka taɓa shi, ya firgita ya nemi fizge allurar. A yi yarjejeniya tun a lokacin kan taɓawa: ya yarda a riƙe masa hannu in ya tsorata, ko kuwa? Mutum a cikin magani ba ya iya ba da izinin da za a dogara da shi, don haka abin da ba a amince da shi a zaman shiri ba, ba a yinsa. Ya fi dacewa ma'aikata biyu su kasance a ɗakin, kuma in mace ce, da mace a cikinsu.

Ranar kanta, a daina cin abinci aƙalla sa'a biyu kafin a fara, saboda tashin zuciya. A auna hawan jini da bugun zuciya da iskar da ke cikin jini kafin ɗuri, a tsakiya, da bayansa. Mai kilo 60 miligiram 30 zai samu. A nan ne kuskuren lissafi yake kisa, domin kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba: akwai mai miligiram 10 a kowace mililita, akwai 50, akwai 100. Mutum biyu su karanta kwalbar. Hanyar bayarwa ma tana canja lissafi, tunda allurar tsoka kusan dukanta take shiga jini, ta baki kuwa abin da ke isa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Nau'in feshin hanci, Spravato, da Amurka ta amince da shi a 2019, miligiram 56 ko 84 ake bayarwa, a asibiti kawai, a kuma zauna da mutum sa'a biyu.

Sabon ma'aikaci yakan cika surutu. Ɗakin yana son haske kaɗan da shiru, kai kuma aikinka ka zauna kusa. In majinyaci ya ruɗe, kira sunansa, ka ce masa yana asibiti, maganin ne, zai wuce nan da 'yan mintoci. Kada ka fassara masa abin da ya gani. Abin da ya furta, rubuta shi da kalmominsa, don gobe rabinsa zai ɓace masa. Ba zai yi tuƙi ba sai washegari bayan ya yi barci, saboda haka wani ya zo ɗaukarsa.

Zaman da ya fi kowanne nauyi shi ne na kwana ɗaya zuwa uku bayan magani, kuma abin takaici shi ne aka fi watsarwa, musamman a wuraren da kuɗin ɗuri kawai suke kallo. A nan ake ɗauko abin da ya taso, baƙin cikin rashin wani ko laifin da mutum ya daɗe yana ɗora wa kansa, a mayar da shi aiki ƙarami da zai iya yi a makon: komawa kasuwa, gyara lokacin barci, kiran ɗan'uwan da aka yanke zumunci da shi. Tsarin da aka fi bi ɗuri shida ne cikin mako biyu zuwa uku, ana auna damuwar da takardar tambayoyi iri ɗaya kowane zuwa. In an kammala shidan ba canji, a tsaya a sake duba cutar, kada a yi ta ƙara yawan magani.

Ketamin yana kama mutum har ya zame masa jaraba. Majinyacin da ya fara roƙon a matso da ranar ɗuri, ko yake maganar daɗin abin fiye da rayuwarsa, a zauna da shi a yi maganar a fili. Yawan amfani da shi yana lalata mafitsara, don haka duk zuwa a tambayi zafin fitsari, yawan fita, da ganin jini. Kuma kada a ba kowa ya tafi da shi gida: a Oktoban 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan shan ketamin a gida ba mai sa ido, saboda barci mai nauyi da dannewar numfashi na iya zuwa babu mai kai ɗauki.