Abin da taifin a shago ya koya min game da sebin

Ni aikina taifin ne, a wani ɗan shago kusa da makaranta, masu furojet da masu takardar neman aiki da masu katin biki duk nan suke zuwa. Kwamfutocinmu na tebur ne ba su da batir, ana ɗauke wuta sai ɗif, kafin yaro ya je ya tada janareta duk abin da ba ka yi sebin ba, wato ba ka ajiye shi a kwamfuta ba, ya tafi. Shi ya sa ranar da na fara ogana bai ma koya min jera shafi ba, cewa ya yi ɗan yatsana ya zauna kan Ctrl da S, duk sakin layi in danna. Yanzu ko a wayata nake rubutu sai in ji hannuna yana neman madannin.

Akwai masu cewa ai Word yana ajiyewa da kansa. E yana yi, amma duk minti 10 ne idan ba ka taɓa saitin ba, kuma mai saurin hannu a minti 10 ya gama shafi guda. Ni na shiga File, Options, Save na mayar da shi minti 2. Wannan kuma na gaggawa ne kawai, idan kwamfuta ta mutu sai ya nuno maka a gefen hagu in ka sake buɗewa. In kuwa sabon aiki ne ka rufe ka danna Don't Save, to je File, Info, Manage Document, akwai wurin dawo da waɗanda ba a yi sebin ba, amma kwana 4 kawai yake riƙe su. Shi kuma wancan AutoSave na sama a sabon Office sai da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yake aiki, wato sai da data, mu kam ba ma dogara da shi.

Amma wallahi yawancin kukan da nake gani a shago ba na wuta ba ne. Mutum ya yi sebin lafiya lau, bai dai san inda ya ajiye ba, ko kuma ya danne tsohon da sabo. Ɗalibi zai zo da filash cike da Document1, Doc2, final, final final, ka tambaye shi wanne ne wanda malam ya gyara sai ya tsaya yana kallonka. Ni kowane kwastoma folda nake buɗe masa, sunan fayil kuma in sa babi da kwanan wata, da ɗan layi a tsakani don Windows ba ya karɓar / ko : ko ? a suna. Duk lokacin da aka dawo da gyaran sufabaiza ba na taɓa tsohon, F12 nake dannawa in yi Save As da sabon suna, saboda na sha ganin malami ya sa a cire shafi uku, bayan sati biyu ya ce a'a a mayar da su yadda suke. In kana da tsohon, aikin minti ɗaya ne, in ba ka da shi kuwa sai sabon taifin, kuma ɗalibin ba zai yarda ya sake biya ba.

Filash ma ba na aiki a kansa kai tsaye. In kwafo zuwa kwamfuta, in gama, in mayar. Wani yana tsaye a kanka yana sauri, kafin ka ankara ya zare abinsa Word bai gama rubutawa ba, fayil ya lalace. Ga bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot, mata har kuka suke yi a kansa, alhali sau da yawa ɓoye fayilolin kawai ya yi, suna nan.

Sai maganar nau'in fayil. Tun Office 2007 docx ne, kafin nan doc ne, kuma har yau akwai ofisoshin da tsohuwar kwamfutarsu doc ɗin take so. Abin da za a kai firintin wani wuri kuwa PDF nake bayarwa, don in font ɗin da na yi amfani da shi babu a can shafuka za su goce, tebur ya tsallaka, rubutun Hausa kuma ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati-akwati. In dole sai Word ɗin ake so, a wancan shafin Save akwai inda za ka sa alama ya cusa font ɗin cikin fayil, zai ɗan yi nauyi amma ba komai.

Excel ne ya fi ba ni ciwon kai. Wata ƙungiya ta kawo sunayen mambobi da lambar waya da lambar akawun, aka ce a tura a CSV, wato fayil na rubutu zalla. Shi CSV shafi ɗaya kawai yake ɗauka, wanda kake kai, kala da fomula duk ba ya riƙewa. Sannan sifirin farko, 0803 ya koma 803. Lambar waya da sauƙi kowa ya san da sifiri take farawa, amma lambar akawun guda 10 ce, wata da sifiri biyu take farawa, in suka faɗi banki zai dawo da ita. Don haka kafin in rubuta ko lamba ɗaya nake mayar da layin Text, in ajiye na ainihin a xlsx, wato nau'in fayil na Excel, CSV ɗin kwafi ne kawai, kuma in zan duba shi a Notepad nake buɗewa, don da ka buɗe shi a Excel ka sake sebin sifirin sun tafi.