Abin da na koya a sashen ido kafin na ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan bar sashen ido, kuma abokan aiki sun san dalili. Saɓanina da oga a kan awon hawan jini ya samo asali. A wajensa, wanda ya zo neman tabarau a gwada shi, a rubuta masa, ya ba na baya wuri. Ni kuwa in dai mutum ya haura arba'in sai na ɗaura masa abin awo, domin bayan ido ne kaɗai wurin da ake kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an tsaga jiki ba.

Hawan jini yakan daɗe yana ɓarna a can mai shi bai sani ba. Da fari ƙananan jijiyoyin da ke kai jini su tsuke, bangonsu ya yi kauri, har su riƙa sheƙi irin na jan ƙarfe. Inda mai kai jini ta gitta kan mai mayar da shi sai ta danne ta, kuma a nan toshewa kan faru. In abin ya yi nisa jini ya tsattsafo, fararen tabo su fito inda jini ya daina isa. Tun 1939 likitoci uku, Keith da Wagener da Barker, suka kasa wannan ɓarnar mataki huɗu, na huɗun shi ne kumburin kan jijiyar gani.

Na huɗun na gani a idon wata baiwar Allah mai sayar da abinci, wadda ta zo da ciwon kai da gani dishi-dishi. Awonta ya zarce 180 bisa 120 nesa ba kusa ba. Na ce, "Hajiya, ba tabarau ne matsalarki ba, yanzu za mu wuce sashen gaggawa." Na raka ta da kaina. Da na dawo, oga ya tsare ni a gaban marasa lafiya, wai na bar layi, wai nan ba asibitin zuciya ba ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya taɓa idonta yana taɓa ƙodarta da ƙwaƙwalwarta." Washegari takardar gargaɗi na tarar. Har yau tana cikin fayil ɗina, ita kuwa Hajiya tana zuwa da ƙafarta, jinin da ya tsattsafo ya washe bayan an sauko da awonta sannu a hankali.

Ga masu tasowa: ku ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido kafin ku ce ba komai, ku duba idanu biyun. Mai juna biyu da ta ce tana ganin walƙiya, a yi mata awon hawan jini nan take. Ku rubuta duk abin da kuka gani a kati, ku sa hannu da kwanan wata. Mara lafiya kuma ku gaya masa a fili cewa ba a ajiye maganin hawan jini don kai ya daina ciwo.