Abin da 4,294,967,297 ta koya mini

A shekarata ta biyu ta karatun lissafi, malaminmu ya rubuta 4,294,967,297 a allo, ya ce mu gano ko tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da kuma 1. Na koma ɗaki na soma rabawa da 3, da 7, da 11, da 13, ina ta cika takarda, kuma kowane karo sai an sami ragowa. Da dare ya yi nisa na tsaya a 97, na rubuta cewa ba ta rabuwa. Gajiya ce ta ba da wannan amsa, domin wanda yake son tabbatarwa ta wannan hanya sai ya gwada lambobi 6,542 marasa rabuwa da ke ƙasa da 65,536, ni kuwa ko talatin ban kai ba.

Washegari na ji cewa wanda ya fi ni nesa ba kusa ba ya taɓa faɗawa wannan rami. A 1640 Pierre de Fermat, masanin Faransa, ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, kuma duk tsarinsu ɗaya: a cire 1 daga kowace, a ninka abin da ya rage da kansa, a ƙara 1, sai ta gaba ta fito. Ya yi zaton haka jerin zai ci gaba har abada. Lambarmu ita ce ta shida, sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda malamin ya tabbatar da haka ba tare da ya taɓa babbar lambar ba. Ya fara da 2, yana ninka kowace amsa da kanta: 4, 16, 256, 65,536. A nan ya dakata, tunda lambarmu 65,536 ce da aka ninka da kanta aka ƙara 1, ya raba 65,536 da 641, aka sami 102 da ragowar 154, sai ya share komai ya bar 154 kaɗai, yana cewa abin da 641 ta riga ta cinye ba shi da sauran magana. Ya ninka 154 da kanta ta ba da 23,716, ya sake rabawa da 641, ragowar ta zama 640. Da aka ƙara 1 ɗin nan na ƙarshe sai ga 641 cif, wato babu ragowa ke nan. Layi huɗu ne a allo, kuma lamba mafi girma da ya rubuta ba ta wuce alƙaluma biyar ba.

Ita ma 641 ba da ka aka tsinto ta ba. Euler ya nuna daga baya cewa duk lamba mara rabuwa da za ta iya raba wannan, dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1, saboda haka 193, 257, 449, 577 da 641 ne farkon waɗanda suka cancanci gwaji. Duk rabe-raben da na kwana ina yi, babu ɗaya da ke da damar yin nasara tun asali, abin da har yau nake jin kunyarsa kaɗan.

Tun daga lokacin, idan aka ba ni lamba mai tsawo, nakan fara tambayar yadda aka gina ta kafin in ɗauki alƙalami, kuma na daina karɓar misalai biyar da suka dace a matsayin hujja. A jerin Fermat dai, har yanzu ba a sami wata mara rabuwa bayan 65,537 ba, kuma akwai biyu da aka tabbatar suna rabuwa alhali ba a gano ko ɗaya daga cikin lambobin da ke raba su ba.