Duna da karen wani saurayi a bayan Birni

Alhamis, bayan sallar isha'i.

Na fita da Duna da sassafe kamar yadda na saba, bayan masallata sun koma gidajensu, kafin almajirai su cika hanya. Hunturu ya sauko da hazo, har kawunan duwatsun da ke kewaye da Birni ba su fito sosai ba, kuma da yake yau ranar kasuwa ce, amalanken shanu da jakuna sun riga sun kama hanyar kasuwar Dole. Duna karen gadi ne, shekararsa 9, yana kwana a garkata tare da awaki, kuma ban taɓa fita da shi cikin gari ba sai da igiya a wuyansa.

Mun kusa wani kwararo sai ga saurayi ya ɓullo da ƙaton kare irin na Jamus. Yana hango mu, maimakon ya tattara igiyarsa, sai ya sake ta gaba ɗaya, karen kuwa ya nufo mu a guje, kai tsaye, fuska da fuska. Daga nesa yaron ya ɗaga murya ya ce: "Baba, kada ku damu, ba ya cizo, gaisawa kawai zai yi." Na ji igiyar hannuna ta yi nauyi. Duna ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya rufe baki, ya fara gurnani can cikin maƙogwaro. Na shiga tsakaninsu, na mayar da shi bayana, na ce wa yaron da ƙarfi: "Ɗana, kama karenka." Allah Ya taimaka ya taka igiyar kafin su haɗu.

Wannan magana ta "ba ya cizo" ta daɗe tana damuna, kuma yau na wuni ina juya ta a rai. Mai faɗinta yana ba da shaida a kan karensa ne, alhali karnuka biyu ne a hanya, kuma bai san komai game da na biyun ba. Bai san cewa shekara 2 da suka wuce wani kare marar mai shi ya yaga wa Duna kunne ba, bai san makonnin da na yi ina wanke ciwon ina kai shi wurin likitan dabbobi ba, bai san kuma tun daga lokacin Duna ba ya yarda wani kare ya tsaya masa a fuska ba. Wani karen tsoho ne gaɓoɓinsa na ciwo, wata karyar tana shayarwa, wani kwikwiyo ne da ba a gama yi masa allura ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganewa daga nesa, sai an tambaya.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mafarauci ne, kuma a wurinsa na koyi kallon kare. Idan aka bar karnuka biyu a fili, masu lafiyar hali ba sa tunkarar juna kai tsaye. Sukan zagayo ta gefe, jiki a sake, su shinshina bayan juna na ɗan lokaci kaɗan, sannan kowa ya juya, wanda bai gamsu ba ya yi gaba abinsa. Igiya tana hana wannan duka. Karen da ke ɗaure ba shi da damar ja da baya, kuma idan mai shi ya tsorata ya ja igiyar ta yi tauri, kan karen yakan ɗago, ƙirjinsa ya turo gaba, ya ɗauki siffar mai neman faɗa ko da ba nufinsa ba ne. Igiyoyi biyu kuma suna iya sarƙewa, a rasa yadda za a raba su, kuma a nan ne hannun mutum yakan shiga bakin kare. Kaɗa wutsiya ma ba kullum take nufin murna ba, domin wutsiyar da ta miƙe sama ta ƙage tana rawa da sauri alamar tashin hankali ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Jikokina suna wasa a garkar da Duna ke kwana. Shi ya sa na koya musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya ana neman magani a gida.

Dole in yi wa yaron adalci. Bayan ya ɗaure karensa a jikin wata bedi, ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, na ɗauka haka ake yi don su saba." Karen nasa watansa 8 kawai, ƙuruciya ce ke cinsa. Na ce masa a garin nan ko gidan ɗan'uwansa ya je yakan tsaya a zaure ya yi sallama, idan ya yi sau uku ba a amsa ba ya juya, to mai riƙe da igiya ma yana da wannan haƙƙi, a tambaye shi, idan ya ce a'a a wuce ba tare da an ji haushi ba. Na ƙara masa da cewa akwai masu wucewa da yawa da ba sa son kare ya taɓa tufafinsu ko kaɗan, kuma mu da muke ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta, mu ya kamata mu kauce musu.

Ya saurara da kyau. Daga nan muka yi abin da mahaifina ke yi idan ya kawo sabon kare gida. Muka jera muna tafiya fuska ɗaya, shi a wancan gefen hanya ni a wannan, karnukan suna ganin juna ba su kai ga juna ba. Da farko Duna yana ta waiwaye, amma kafin mu kai mararraba ya sauke kai ya koma shinshinar ƙasa, igiyar ta saki a hannuna.

Ban bari sun gaisa ba yau, kuma ban yi masa alkawarin gobe ba. Na ce ya zo da katin allurar karensa, mu sake jerawa kwana biyu ko uku, sannan mu ga abin da Duna zai nuna. Da na dawo gida na buɗe akwati na ciro katin Duna, na duba ranar allurarsa ta gaba, na sa shi cikin aljihun rigar da zan fita da ita da safe.