Buhun yashi uku a cikin kanal

Daren Talata bayan isha'i na fita duba tumatirina, sai na hango hasken waya yana rawa a gindin ƙofar ruwa. Ɗan ƙanena ne, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana jera buhunan yashi a tsakiyar ƙaramin kanal don ruwa ya taru ya hau gonarsa. Biyu sun shiga, na uku yana kafaɗarsa. Da ya gan ni ko gezau. "Baffa, gobe layin ruwa na masu gonakin ƙasa da mu ne, ni kuwa albasata ba za ta kai jibi ba." Na buɗe baki zan yi faɗa, maganar ta maƙale. Wannan zancen ni ma na taɓa yin sa, a kan wannan gaɓar, ina da kusan shekarunsa.

Ku yaran yanzu kun tashi kun tarar da ruwa yana gudu a tsakiyar rani, kun ɗauka haka Allah ya halicci ƙasar Kura. Mu mun ga iyayenmu suna jan jigo a bakin rafi har kafaɗa ta yi kanta. Sai da aka gama madatsar Tiga a 1974, aikin zamanin Audu Bako, sannan ruwa ya biyo babban kanal, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Babu injin da ke tura shi, gangara ce kawai. Saboda haka tsayin ruwa a kanal shi ne komai. Lanƙwasasshen bututun nan da muke cikawa, mu toshe bakinsa da tafin hannu, mu jefa ta kan gaɓa, ba ya ja sai ruwan kanal ya fi gona tudu. Idan na sama ya tare, ruwa ya sauka ko da taƙi ɗaya ne, bututun na ƙasa iska zai yi ta zuƙa.

Na san wannan sarai lokacin da na yi abin da na yi. Bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kowa a nan ya rufta noman alkama. Manoman layinmu suka ɗora mini kula da rabon ruwa, wai ni ne mai ɗan karatu, kuma gonata ce a bakin ƙofa. Aka ba kura ajiyar nama. Da fari rabin sa'a nake ƙara wa kaina. Daga baya ta zama sa'a biyu, sannan buhun yashi, sannan abokai biyu uku da nake ɗaga wa ƙafa. Ba wai ina wanke kaina ba ne, amma a tuna akwai bashin taki a wuyana, ga amarya sabuwa, kuma ruwan kansa ba ya iso mu a cike, don laka da ciyawar kachala sun cinye rabin kanal tun daga sama. Na sama da mu ma suna tarewa. In ce ni kaɗai zan zama waliyyi? Haka nake gaya wa kaina. Abin da ba na gaya wa kaina shi ne, kiran gayyar yashe kanal aikina ne, kuma rani biyu ban kira ba, saboda ni dai ruwa yana zuwar mini.

Babbar wautar ma ba ita ce wannan ba. A gefen gonata akwai magudanar da aka haƙa don ta kwashe rarar ruwa. Na dube ta na ga fili yana zaman banza, na cike ta da ƙasa, na dasa albasa layi huɗu. Har yabon kaina na yi. Ga ni ina ɗura wa gona ruwa fiye da ƙima, ga hanyar fitarsa na toshe. Shekara ta farko lafiya lau. Ta biyu alkama ta fara rawaya daga kusurwar gabas, na ce ƙarancin taki ne, na ƙara buhu. Ta uku, in ka sa fartanya ka haƙa kamu ɗaya sai ruwa ya tsattsafo, in ƙasa ta bushe kuma sai wani farin ɓawo ya fito kamar an barbaɗa kanwa. Na ɗanɗana da harshe, gishiri. Ruwan da ya kwanta a ƙasa ne ya taso da shi, rana ta shanye ruwan ta bar mini gishirin. Wannan kusurwa har yau shinkafa kaɗai take karɓa, ita ma da ƙyar.

Asarar tawa ba ta dame ni kamar zuwan wani dattijo mai gonar ƙarshen layi ba. Sa'an mahaifina ne. Ya same ni da hantsi ya ce, "Ɗan nan, ba faɗa na zo yi ba. Zo ka ga alkamata." Na bi shi. Ruwa ya yanke masa daidai lokacin da take fidda kai, lokacin da alkama ba ta yafe ƙishi. Ya tsinko zangarniya ɗaya, ya murje a tafinsa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya uku ko huɗu suka rage, a motse kamar haƙorin ɓera. Ya zuba mini su a hannu ya juya. Bai kai ni wurin mai gari ba, da ma ya kai ni. Wani lokaci nakan ce ai ba ni kaɗai na kashe gonarsa ba, kanal ɗin ma yana yoyo. Gaskiya ne yana yoyo. Amma buhun nawa ne.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, na ga ba su kai ba.

Kada ka toshe magudana. Ko ta yi kama da fili, ko maƙwabcinka ya shuke tasa. Ka yashe ta kafin ka yashe kanal ma.

In an kira gayya ka fita da shebur da kanka. Ban da tura ɗari biyar ta waya kana kwance, kamar yadda kuka iya. Yanzu da aikin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara kanaloli, aka damƙa ƙananan a hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, babu wata gwamnati da za ta zo ta cire maka kachala a bakin gonarka. Ka biya kuɗin ruwa. Kuna da na data kullum, na ruwa ne sai an biyo ku gida.

In gonarka a bakin ƙofa take, kada ka karɓi aikin rabon ruwa, a ba na ƙarshen layi, shi ne ba zai yi barci ba sai ruwa ya isa ko'ina. Ko da yake na ga inda aka ba na ƙarshen ya rama gayya a kan kowa. To, in ka ga wanda za a ba ya fi ka haɗama, karɓa. Ku dai rubuta ranar kowa da sa'arsa a manna inda jama'a za su gani.

Batun sata kuwa, so nake in ce kada ka yi ko da shukarka za ta mutu, amma na san yadda mutum yake ji in ya ga albasa ta kwanta. Je ka wurin mai layin da rana tsaka, ka roƙi aron sa'a biyu, ka biya ranar taka. Sau da yawa zai ba ka. Girman kai ne yake hana ku, kun fi son dare da fitilar waya.

Yaron dai ya fidda buhunan, yana ƙunƙuni. Na ce ya zazzage yashin, ya ce, "Sai da safe, Baffa." Ranar Alhamis na bi ta wurin. Suna nan a kan gaɓa, a ɗaure, an ja ciyawa an rufe su.