Wasiƙa daga Birmingham: kiɗan maƙera na Turawa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Ina gaishe ku daga Birmingham, birni na biyu a girma a Ingila. Yawancinku kun san garin ne ta dalilin Aston Villa. To, a unguwar Aston ɗin nan da filin ƙwallon yake, nan aka haifi wani kiɗa da na yi shekaru ina toshe kunne idan na ji shi, wanda suke kira heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi. Da farko na ɗauke shi hayaniyar mahaukata, masu dogon gashi da baƙaƙen kaya suna ihu. Abin da ya sauya mini tunani shi nake so in ba ku labari.

Ranar Laraba, 30 ga Yulin 2025, na tashi daga aiki na tarar titin Broad Street a cike, ba masaka tsinke. Ana jiran motar da ke ɗauke da gawar Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath, wanda ya mutu ranar 22 ga watan yana da shekara 76. Kusa da ni wani dattijo ne da sanda, gashi fari fat, hannuwansa duk kanta irin na wanda ya ci wuyar masana'anta. Da motar ta tsaya a gadar da aka sa wa sunan ƙungiyar, matar mamacin ta fito 'ya'yanta suna riƙe da ita, sai na ga dattijon nan ya cire hula yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce masa, "Baba, ɗan'uwanka ne?" Ya ce a'a, amma ɗan unguwarsu ne, kuma bai taɓa jin kunyar inda ya fito ba. Wannan magana ta bi ni har gida.

Su huɗu ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar a 1968: Ozzy, Tony Iommi, Geezer Butler da Bill Ward, duk 'ya'yan talakawan Aston. Ozzy ya yi aiki a kwata, ya kuma yi mako shida a gidan yarin Winson Green saboda fasa shago. Amma labarin Iommi ne ya fi tsaya mini a rai.

Yana da shekara 17, yana aiki a masana'antar sarrafa farantan ƙarfe. Ya riga ya ba da sanarwar barin aiki don ya rungumi kiɗa. A ranarsa ta ƙarshe aka ɗora shi kan injin da bai saba da shi ba, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Ga shi bahago, wato da hannun daman yake danna tsirkiyar jita. Ku tuna da makaɗin garaya ko kuntigi a ce an guntule masa yatsun da yake danna tsirkiya. Kowa ya ce ya haƙura. Sai shugabansa a wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta shanye wa yatsu biyu amma bai daina kiɗa ba. Iommi ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya lulluɓe su da fatar tsohuwar riga. Ya nemo siraran tsirkiyu don kada su yi masa ciwo, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu, muryar jitar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta yi nauyi. Kaurin nan da ciwo ya taimaka wajen samar da shi, shi ne dubban makaɗa daga Amurka har Japan suke kwaikwayo tun da faifan Black Sabbath na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970.

Da na gane haka sai na tuna gida. Mu ma ai kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin maƙera ba zai ce dundufa ƙara ce kawai. Birmingham garin ƙira ne, yaran suka tashi suna jin dukan manyan gudumomin inji dare da rana, suka zuba shi a kiɗa. Ɗaya ya fito daga kwata, ɗaya daga gidan ƙarfe. Ba mamaki da ƙungiyar Judas Priest ma daga wannan yanki suka fito, haka Robert Plant da John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin.

Ba zan yi muku kwaskwarima ba. Akwai abin da raina bai kwanta da shi ba har gobe: hotunan ban tsoro, wasa da sunan Shaiɗan don jan kasuwa, da shaye-shayen da ya cinye su. Giya ta kashe Bonham a 1980 yana da shekara 32. Ozzy kansa abokansa suka kore shi daga ƙungiyar a 1979 saboda maye, ya kuma jefa iyalinsa cikin baƙin ciki shekaru da dama. Duk matashin da ke ganin wannan ne burgewa, ya dubi yadda jikin mutumin ya koma. Sai dai kuma na saurari baitocin Black Sabbath da kyau, na tarar a 1970 suna zagin shugabannin da ke kunna wutar yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu. Wannan kam ba baƙon zance ba ne a kunnenmu.

Ga masu cewa abin ya yi mana nisa, ku nemi Mdou Moctar, Buzun Nijar. Shi ma bahago ne, jitarsa ta farko da wayar burkin keke ya haɗa ta, faifansa na farko kuma a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Yau masoyan kiɗan jita na rock a Turai da Amurka suna cika ɗakunan wasa don jin sa.

Kwana 17 kafin mutuwar Ozzy, ranar 5 ga Yuli, su huɗun suka sake hawa dandali tare a Villa Park, filin ƙwallon Aston Villa, karon farko cikin shekara 20. Cutar Parkinson, mai sa jiki karkarwa, ta hana shi tsayuwa, a zaune kan kujera ya rera. Manyan ƙungiyoyi irin su Metallica da Guns N' Roses suka zo suka yi wasa kafin su, kamar almajirai sun zo gaida malaminsu. Kuɗin da aka tara an ware shi ne ga asibitin yara na garin, da gidan kula da yara masu ciwon ajali, da binciken cutar da ke damunsa. Ban samu shiga ba. Daga tagar ɗakina nake jin rugugin kamar hadarin Agusta yana tasowa daga gabas, kuma a daren ban rufe tagar ba.

A gaida mutan gida, manya da yara.

Naku,
ɗan'uwanku a Birmingham